Neman kalma: "fungi" na cikin ruwa da maganin da ake samu daga gare su

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis zan naɗi shirin lafiya a nan Kaduna kan masu binciken da ke tsamo "fungi" daga koguna da teku domin neman sababbin magunguna, ganin cewa wasu ƙwayoyin cuta sun daina jin na da. Na fassara "fungi" da gansakuka, amma hankalina bai kwanta ba. Ina kuma neman fassarar "antimicrobial".

Malamar kimiyya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire gansakuka, domin ita koriya ce, da hasken rana take haɗa abincinta, alhali wannan halitta ruɓaɓɓen ganye da itace take ci, irin wanda ke maƙalewa tsakanin duwatsun Kogin Kaduna idan ruwa ya janye. Danginta su ne funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, kuma daga funfuna masanin kimiyya Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a 1928. Ka ce funfunar ruwa. A 1945 ma, wani masanin, Giuseppe Brotzu, ya samo wata funfunar a ruwan teku kusa da bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya, wadda daga gare ta aka sami magungunan sefalosforin.

Mai harhaɗa magunguna: A wajen aiki fangas muke cewa, kuma majinyata suna ganewa. "Antimicrobial" kuwa, maƙashin ƙwayoyin cuta.

Malamin Hausa: Fangas ba Hausa ba ce, kuma irin wannan sakaci ne ya sa ake yi wa Hausarmu ta Kaduna kallon Hausar bariki. Shekara da shekaru ina cewa makari ya wadatar: makarin ƙwayoyin cuta.

Mai harhaɗa magunguna: Allah ya gafarta Malam, asibiti da likita ma aro ne, ba su rage mana daraja ba. Makari kuwa na dafi ne da sammu, ina tsoron mai sauraro ya ɗauka na maciji ake nufi.

Malamar kimiyya: Maƙashi ma bai cika ba, domin wasu sinadaran ba sa kashewa, hana ƙwayar hayayyafa kawai suke yi.

Mai gabatar da shiri: Na gode ƙwarai. Zan ce funfunar ruwa, sannan sinadarai masu yaƙar ƙwayoyin cuta.

Malamin Hausa: Funfunar ruwa na karɓa. Na biyun bayani ne, ba suna ba, amma tunda Alhamis ta matso, a tafi da shi haka.