Wai tamowa ciwon 'yan yaye ne kawai?

Manomi, Mora (arewacin Kamaru): Salamu alaikum. Jiya a majalisa wani ya ce samarinmu da 'yan matanmu na fama da tamowa, na ce sam. Tamowa ta 'yan yaye ce. Yaron da ya kai shekara 13, ya ci tuwon dawa ya ƙoshi, ya je gona ya dawo, ramar da kuke gani tsayi yake yi. Mu ma haka muka tashi.

Malamin makaranta, Mokolo: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, ban yarda ba. Duk watan Satumba idan aka dawo hutu ina ganin yadda damina ta rage su, don daga Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga noma. Kafin ƙarfe 11 wasu sun kifa kai a kan tebur. Ka tambaya, ba su karya ba.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Baba, na san inda ka samo wannan, kuma mu ma da hannunmu a ciki. Igiyar nan mai launi da muke auna damtse da ita, ta yara ce daga wata 6 zuwa 59. Maɗin gyaɗar da ake rabawa ma nasu ne. Mai ciki da mai shayarwa ana duba su. Yarinya 'yar shekara 14 fa? Babu layin da za ta shiga, shi ya sa kuke ganin kamar lafiyarta ƙalau. Alhali a shekarun nan ne jiki ke ƙara tsayi da ƙashi, ga al'ada ta fara, duk wata tana asarar jini. Tuwo na cika ciki, amma in kullum shi ne da miyar kuka ba wake ba kifi, sinadarin ƙarfen da ke gina jini ba ya isa. Ka ja fatar idonta ta ƙasa ka gani, fari fat. Wannan yarinyar ce za a aurar, ta ɗauki ciki ita ma ba ta gama girma ba, a kawo mana ita ranar haihuwa muna neman wanda zai ba ta jini. Wallahi abin na ci mini rai.

Ɗan kasuwa, Kusiri: Hajiya, gaskiya kika faɗa, amma da me za a saya? Ambaliyar 2024 ta cinye gonaki a yankunan Logone-et-Chari da Mayo-Danay. Masunci ya kama kifi a kogin Logone, dole ya sayar ya auno hatsi. Talauci ne kawai.

Uwar 'ya'ya, Yagoua: Alhaji, ba talauci kaɗai ba. Ranar da aka samu nama, wa ake tsame wa? Maigida da baƙinsa. Yarinyar da ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta tuƙa, ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ƙanzo ne rabonta. A gidana ma haka nake yi kafin na farga.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Allah ya saka, Inna. Ga kuma shayi: shan sa a kan abinci yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. A jinkirta shi kamar awa ɗaya. Zogale, yakuwa, fara, kwalba da nono ta garin 'ya'yan kuka, duk suna kusa da mu.

Ɗan kasuwa, Kusiri: Yanzu kuma shayin ne ya yi laifi? Ni kam ba zan raba tuwo da shayi ba.

Manomi, Mora: 'Yata, maganar 'yan mata na ji ta, yau zan duba idon jikata. Amma ta samari ina nan a kan bakana. Kuma ku sani, wake da gyaɗar da kuke cewa a ci, da kaka muke sayar da su mu biya kuɗin makaranta, gonakinmu na wajen Kolofata kuwa tsoron Boko Haram ya hana mu zuwa.

Malamin makaranta, Mokolo: Baba, masu kifa kai a ajina rabinsu samari ne. Ka zo ranar Litinin da hantsi, zan ajiye maka kujera a baya.