Patrimoine: me za mu ce da Hausa?

Daga Garwa:
Jama'a, salamu alaikum. A rediyo da takardun makaranta kullum ana cewa patrimoine, kalmar Faransanci mai nufin abin da magabata suka bar wa jama'a, masu fassara kuma kowa da tasa: wani ya ce "kayan tarihi", wani ya ce "al'adun gargajiya". Ni duka biyun ba su kwanta mini ba. Ku taimaka mu tsayar da guda.

Daga Kusiri:
Malam, ai kayan tarihi ya isa. Je ka Gawi kusa da Injamena, ka ga manyan tulunan Sao, mutanen da suka zauna a yankin Tafkin Cadi a zamanin da, da mutum-mutumin yumɓu a tsohuwar fadar sarki. Ba su ake nufi ba?

Daga Garwa:
Suna ciki, Yaya, amma "kaya" abu ne da ake ɗauka a ajiye. Tafkunan Uniyanga na arewacin Cadi da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerinta na wuraren da ake karewa a 2012, da duwatsun Enedi a 2016, wa zai kira su kaya? Wanda ya fi damuna kuwa shi ne "gargajiya". Da ka faɗe ta, yaro ya ji abin da zamani ya wuce. Dubi maƙeran Mafa na duwatsun Mandara, wajen Mokolo a arewacin Kamaru. A da, baƙin yashi suke wankowa daga rafi, su gina doguwar matoya, mazugi yana can sama, iska na bin dogon bututun yumɓu tana sauka cikin gawayi har ƙarfe ya fito. Wannan ilimin wuta ne da iska da ma'adini. In Bature ya yi irinsa a ce fasaha, in namu ne a ce gargajiya. Da irin wannan rabon suna ne ake rubuta tarihin duniya a bar mu a gefe, har shugaban Faransa na lokacin, Sarkozy, ya tsaya a Dakar a 2007 yana cewa ɗan Afirka bai shiga tarihi sosai ba. Maganar tana yi mini ciwo har yau.

Daga Marwa:
Gaskiyarka, ɗana. Haka ɗakunan Musgum na Pus: laka zalla, ba azara ba ƙarfe, zanen jikinsu kuma matakala ce ta mai gini, hanyar ruwan sama ce kuma. Ni dai na ce "gado".

Daga Kusiri:
Hajiya, gado fa rabawa ake yi a gaban alƙali, kowa ya kama nasa.

Daga Marwa:
Wannan gadon dukiya ke nan. Ba ka taɓa jin an ce "ƙira gadonsa ce" ba? Wa ya taɓa raba ƙira? Koya ake yi a gaban uba, a miƙa wa na baya. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Daga Garwa:
Hajiya ta buɗe mana hanya. Gado yana ɗaukar tulu, ya ɗauki tafki, ya ɗauki sanin da ke hannun maƙeri. Don kada a ruɗe da na alƙali, mu ƙara masa mai shi: "gadon al'umma". Wanda UNESCO ta amince da shi kuma, "gadon duniya". Ƙoƙon kan Tumai, wata halitta mai kama da mutum ta zamanin da, da aka tono a hamadar Jurab a 2001, mai shekara wajen miliyan 7, gadon al'ummar Cadi ne.

Daga Kusiri:
Na yarda. "Kayan tarihi" sai mu bar shi ga abin da ke cikin gidan adana su kawai.