Neman kalmar Hausa: me za mu kira "waitlist" na jami'o'in Amurka?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai kalmar da nake so mu raɗa wa suna da Hausa kafin ƙarshen watan Maris ya sake zagayowa, lokacin da yawancin jami'o'in Amurka ke fitar da sakamakon masu neman gurbin karatu. Kalmar ita ce "waitlist". Na ji ana ce mata jerin jira, na ji layin jira, na ji lis na biyu, har 'yan benci na ji. Ina da wadda na zaɓa, amma sai mun fara sanin yadda abin yake tafiya.

Ɗalibin da ya nemi jami'a a can, amsa uku yake iya samu. Ko a ɗauke shi, ko a ce masa ya yi haƙuri, ko kuma a ce masa: mun ga ka cancanta, amma babu gurbi yanzu, in kana so za mu ajiye sunanka. Wannan ta ukun ita muke nema wa suna.

Dalilin ajiye sunayen shi ne jami'a ba ta san ko mutum nawa za su zo ba. Yaro ɗaya yana iya neman jami'a goma ko fiye ta manhajar Common App, huɗu su ɗauke shi, alhali ɗaya kawai zai je. Saboda haka kowace jami'a takan ɗauki fiye da yawan kujerunta, ta yi kirdadon waɗanda za su amsa. Ranar 1 ga Mayu ce ranar da aka saba kowa ya faɗi inda za shi, ya kuma biya kafin alƙalami. Bayan ranar sai jami'a ta ƙirga. In aji ya cika, shi ke nan. In da saura, sai ta waiwayi waɗancan sunaye da ta ajiye.

To, mu ɗauki sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Layin jira shi na fi ƙi, domin ƙarya yake yi wa iyaye. Bahaushe in ya ji layi, ya san akwai na gaba akwai na baya, kuma in ya daure zai iso. A yawancin jami'o'in nan babu lamba. Ba a ce wane ne na ɗaya, wance ce ta hamsin ba. Jami'a takan dubi ajin da ta haɗa ta ga inda yake da giɓi: masu karatun injiniya sun yi kaɗan, ko mata sun yi kaɗan a wani sashe, ko babu isassun ɗalibai daga wani yanki, ko kuɗin tallafi ya kusa ƙarewa ana neman masu iya biya da kansu. Sai ta shiga cikin sunayen ta tsamo wanda ya dace da giɓin. Yaron da makinsa ya fi na kowa yana iya zama har Agusta ba a kira shi ba, a kira wanda bai kai shi ba, don shi ne ya dace da abin da ake nema.

Wannan ne ya sa wanda ya ce 'yan benci bai yi nisa da gaskiya ba. In mai tsaron gida ya ji rauni, koci ba ya duba wanda ya riga kowa zama a benci, mai tsaron gida yake ɗagowa. Hoton ya fito sarai. Sai dai ba za ka rubuta wa dattijo cewa 'yarsa tana benci ba, ba kuma za a karanta shi a labaran rediyo ba. Mu bar shi a majalisa.

Lis na biyu kuwa namu ne na gida, kuma nan ne hatsarinsa. Duk wanda ya bi ta hannun JAMB ya san yadda ake cewa sunayen farko sun fito, a jira na biyu, a jira na uku. Mutum ya san lis na biyu zai fito, abin da bai sani ba kawai shi ne ko da sunansa a ciki. A Amurka akwai shekarar da jami'a ba ta ɗaukar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ta ajiye, akwai kuma shekarar da take kwasar ɗaruruwa, kamar yadda jami'o'i da dama suka yi a 2020 lokacin korona, da ɗalibai da yawa suka ɗage zuwansu. In muka ce lis na biyu, mun yi wa uba alkawarin abin da jami'ar ba ta yi masa ba.

Wani ya ce a kira shi jiran gawon shanu kawai a huta. Na gane zafin da ya sa shi faɗar haka. Ƙungiyar NACAC, ta masu ba ɗalibai shawara kan shiga jami'a a Amurka, ta nuna a rahotonta na 2019 cewa a matsakaici kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka yarda a bar sunansu ne ake ɗauka, a jami'o'in da suka fi tsauri kuwa kashi 7 ne. Kaɗan ne, babu musu. Amma ana ɗauka. Sunan da zai sa yarinya ta rufe kwamfuta ta ƙi danna maɓallin amincewa, ya cuce ta.

Saura jerin jira, wanda shi ya fi yawo. Ba kuskure ba ne, fassara ce kai tsaye. Abin da ya dame ni da shi shi ne abin da yake koya wa mai ji. Ku kwatanta gidan Bahaushe a unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan uwanmu na Ghana da Nijar suke da yawa. Yarinya ta buɗe shafinta da daddare, uba na tsaye a kanta. Ya ce, "Uwata, an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba?" Ta ce, "Baba, sun ce in jira." Ya ce, "To, Allah ya sa mu ji alheri," ya koma ɗaki. Daga nan an naɗe hannu an zuba ido. Ga shi a ƙasan wasiƙar akwai wurin da za ta danna ta ce tana so a bar sunanta, kuma akwai wa'adi, sau da yawa cikin watan Afrilu. In ba ta danna ba, an cire ta. Kalmar jira ba ta gaya wa uban nan cewa akwai aiki a gabansu ba.

Abin da na zaɓa shi ne jerin ko-ta-kwana.

Kalma ce tamu, kowa ya san ta. In aka ce an sa jami'an tsaro cikin shirin ko-ta-kwana, babu wanda zai ɗauka an yi musu alkawarin fita, babu kuma wanda zai ɗauka an sallame su su je su kwanta. Ana iya kiransu, ana iya ƙin kira, amma dole su zauna a shirye. Babu na gaba babu na baya a cikinta. Ta kuma faɗi gaskiyar ɓangarorin biyu: jami'a ta ajiye sunayen ne don ko-ta-kwana, kada kujera ta tashi a banza, shi ma ɗalibi zaman ko-ta-kwana ya kamata ya yi. In an kira shi kuwa, muna da kalmar tuntuni: an ɗauke shi cike gurbi, kamar yadda muke cewa zaɓen cike gurbi.

Ku gwada a baki. "An sa ta a jerin ko-ta-kwana na jami'a biyu." "Bana ba su taɓa jerin ko-ta-kwana ba, aji ya cika." "Shi cike gurbi aka ɗauke shi a watan Yuni." Ni dai ban ji inda harshe ya sarƙe ba.

Tunda sunan yana cewa a shirya, bari in faɗi mene ne shirin.

Na farkonsa, wanda ya fi duk sauran nauyi: a kama gurbi a wata jami'ar da ta riga ta ce a zo, a biya kafin alƙalami kafin 1 ga Mayu. Kuɗin yakan kai 'yan ɗaruruwan daloli, kuma galibi ba a mayarwa in an fasa. Na san abu ne mai ciwo ga gidan da ke ƙirga kowace dala. Amma kada a saki reshe a kama ganye. Wannan bai saɓa wa ƙa'ida ba, jami'o'in da kansu suke ba da shawarar haka. Abin da aka hana shi ne biyan kafin alƙalami a jami'a biyu lokaci guda. In daga baya aka kira yaro cike gurbi ya amsa, sai ya rubuta wa ta farkon ya janye cikin mutunci, don wani ma ya samu.

Sai wasiƙar da ake aikawa ofishin ɗaukar ɗalibai. Ita ma tana buƙatar suna, kuma ina ba da shawarar wasiƙar jaddada niyya. Niyya ta fi sha'awa a nan, don abin da jami'a ke son ji shi ne in ta kira za a zo. Shafi ɗaya ya isa. A ciki ɗalibi ya faɗi cewa har yanzu yana so, in kuma da gaske ita ce zaɓinsa na farko ya faɗa ƙarara cewa in an ɗauke shi zai zo. In ba haka ba ne a ransa, kada ya faɗa. Sannan ya kawo sabon abu, wanda ya faru bayan ya miƙa takardunsa a Disamba ko Janairu: makin zangon da ya wuce ya ɗaga, ya ci wata gasa, ya kammala wani aiki da ya faro, an ba shi wani shugabanci a makaranta. Ya kuma ambaci wani abu takamaimai na jami'ar, wani kwas ko wani ɗakin bincike, da yadda ya haɗu da abin da yake son yi. Maimaita cewa tun yana yaro yake mafarkin wurin ba ya ƙara masa komai, dubunnai sun rubuta hakan.

Ga wanda ke nema daga gida Najeriya ko Ghana, akwai wani abin lura. Jarrabawar WAEC galibi a Mayu da Yuni ake rubuta ta, sakamako kuma yakan kai Agusta ko bayansa. Ba zai riski wannan maganar ba. Sakamakon zango na makaranta shi ne abin da ke hannu, sai a roƙi malamin da ke kula da takardun ya aika.

A nan zan ja hankalin iyaye, da girmamawa. Mu mun saba in abu ya cije a nemi wanda ya san wani, a yi ta kira, a je a gaishe da mai ofis. Can wannan yana iya ɓata wa yaro. A karanta abin da jami'ar ta ce a bi shi sau da ƙafa. Wasu sun ce a aiko wasiƙa ɗaya ta shafin ɗalibi, wasu sun ba da ɗan akwatin rubutu, wasu sun ce kada a aiko komai. In sun ce kada a ƙaro wasiƙar shaida daga malami, kada a ƙara. Kuma yaron ne zai yi magana da bakinsa, ba Alhaji ba, ba Hajiya ba.

Akwai hanyar auna fata da ba kowa ya sani ba. Jami'o'i da yawa suna wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. A sashen C2 suna rubuta mutum nawa aka yi wa tayin shiga jerin, nawa suka amsa, nawa aka ɗauka, da ko jerin yana da lamba ko babu. A duba na shekara uku ko huɗu a jere, don shekara ɗaya ba ta nuna komai.

Maganar kuɗi kuma a yi ta tun da wuri. Kafin a iso kan jerin ko-ta-kwana, an riga an raba mafi yawan tallafin karatu, kuma a jami'o'i da dama buƙatar tallafi tana shiga lissafi a wannan matakin, musamman ga ɗalibin ƙasar waje. A tambayi ofishin kai tsaye ko wanda aka ɗauka cike gurbi yana samun tallafi da ɗakin kwana. Kiran kan zo ta imel ko waya, daga farkon Mayu har Yuni da Yuli, wani lokaci har Agusta, saboda in babbar jami'a ta ɗebi mutane daga jerinta sai kujeru su buɗe a waɗanda suka baro, abin ya yi ta gangarowa. Wa'adin amsawa kuma gajere ne, kwana biyu ko uku. Gidan da bai zauna ya yanke shawara tun kafin kiran ba, cikin ruɗani zai amsa. Ɗalibin waje kuwa, wanda dokar biza ta ba shi hanya, yana da sauran takardar I-20, wadda jami'a ke ba shi don neman biza, da ganawa a ofishin jakadanci, ga karatu na farawa a ƙarshen Agusta. Shi ya kamata ya sa wa kansa ranar da in ta wuce ya haƙura.

Kada kuma a haɗa wannan da abin da ke samun masu nema da wuri, waɗanda ke miƙa takardu a Nuwamba. Su in ba a yanke musu ba a Disamba, ana mayar da takardunsu cikin na sauran jama'a a sake dubawa. Wannan ɗage hukunci ne, kuma wanda aka ɗage wa yana iya ƙarewa a jerin ko-ta-kwana a Maris.

Wani malami ya yi mini gyara mai kyau, ya ce kada mu kashe layin jira gaba ɗaya, kuma na yarda da shi. Akwai inda layin gaskiya ne. A tsarin Parcoursup na neman gurbin jami'a a Faransa ana nuna wa ɗalibi lambarsa, yana ganin tana raguwa yayin da na gabansa ke janyewa. A cikin jami'o'in Amurkan ma, in aji ya cika wajen rajistar kwas, galibi bi da bi ake shiga. Waɗannan layin jira ne, a bar musu sunansu. Inda babu lamba, mu ce jerin ko-ta-kwana. Malamanmu na Hausa da ma'aikatan gidajen rediyo, da 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ina son jin ko ko-ta-kwana tana ɗaukar wannan ma'anar a kunnenku kamar yadda take ɗauka a nawa.