Neman shawara kan gina madafi na dindindin a bayan gida a Kano

Baban Walida:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini, da kuma iyayenmu mata waɗanda su ne masu aikin yau da kullum a irin wannan wuri. Gidanmu yana gefen birnin Kano, kuma kicin ɗin da aka yi a cikinsa ƙarami ne mai taga ɗaya, wanda daga watan Maris zuwa Mayu ba ya shiguwa da rana saboda zafi, don haka iyalina suka koma girki a ƙarƙashin wata rumfar kwano da aka kafa a bayan gida. Rumfar ta tsufa, gara ta ci ƙafafunta, kuma duk lokacin da hadari ya taso sai an kwashe tukwane da itace an gudu da su ciki.

Akwai fili a kusurwar arewa maso gabas na gidan, mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, inda katangar gabas da ta arewa suka haɗu. Niyyata ita ce in jingina ginin da waɗannan katangu biyu domin rage kuɗin bulo, in bar ƙofarsa tana kallon yamma tunda ta nan ake fitowa daga cikin gida, in yi dakali na siminti mai tsayi daidai ƙugu kamar na kicin ɗin zamani, sannan in haɗa murhun itace da na gawayi da na gas duka a kansa. Abin da nake son sani shi ne ko wannan tsari zai yi, da irin bulon da ya dace da wajen wuta, da kuma rufin da ba zai mayar da wurin tanda ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam, Malam. Filin ya isa, amma ina ganin akwai abubuwa uku a tsarinka da ya kamata a sauya kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya.

Na farko shi ne fuskar ginin. Idan ka buɗe shi yamma, ranar la'asar za ta riƙa shiga har kan murhu a daidai lokacin da ake ɗora tuwon dare, wanda shi ne lokacin da aka fi daɗewa a gaban wuta. Gabas ba ta buɗuwa, domin a ƙasar nan hadari mai iska daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina na da suka fi ba wa bangon gabas muhimmanci wajen yaɓe, kuma ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Saura kudu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana karkata ne ta arewacin Kano, don haka gefen kudu yana cikin inuwa, iskar damina mai sanyi kuma daga kudu maso yamma take kaɗowa. Da sanyi ne rana take komawa kudu ta leƙo ciki, lokacin da babu mai ƙin ta. Ka toshe yamma da bango, ka buɗe kudu gaba ɗaya, taku uku ko huɗu da za a ƙara wajen zagayowa ba asara ba ce.

Na biyu, kada ka ɗora rufi a kan katangar gida, kada kuma ka jingina murhu da ita. Yawancin katangu ba a yi musu tushe mai zurfi ba, kuma idan akwai maƙwabci a bayanta, zafin wuta zai tsaga shafensa, hayaƙi kuma ya baƙanta masa bango, daga nan sai rigima. Ka tayar da naka bangon, da ginshiƙai na kankare a kusurwoyi huɗu masu rodi milimita 12. Bulo goma ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka idan ka yi lissafi za ka ga abin da kake son ragewa bai taka kara ya karya ba. Ka kuma lura da bulon da za ka saya, domin buhun siminti da ya kamata ya fitar da bulo inci 9 kamar talatin, wasu suna jan sa ya haura arba'in. Ka ɗauki ɗaya ka murza gefensa da babban yatsa, idan yashi ya zubo ka bar shi.

Na uku shi ne babba. Bulon siminti ba ya zama da wuta. Da zarar zafi ya haura digiri 300 siminti ya fara rasa ƙarfinsa, cikin murhun itace kuwa ya ninka haka, shi ya sa za ka ga murhun da aka yi da bulo da shafe ya dare kafin shekara ta zagayo, yana zubar da ɓarɓashi cikin toka. Duk inda harshen wuta zai taɓa a yi shi da gasasshen jan bulo, a kuma ɗaure shi da laka da aka kwaɓa da yashi, ba da siminti ba. Laka tana ƙara tauri ne idan ta sha wuta, kuma idan ta tsage, cokali ɗaya na sabon kwaɓi ya gyara ta. Bulon siminti ya tsaya a waje a matsayin riga, a bar rata kamar faɗin yatsu biyu tsakaninsa da jan bulon, a cika ta da busasshiyar toka, wadda za ta riƙe zafi a ciki ta kuma hana bangon waje ƙona ƙafar mai girki.

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum. Bayanin Baba Birkila ya gamsar, sai dai ina so in ja hankalin Malam kan dakalin da ya ce zai yi daidai ƙugu, domin a nan ne maza suka fi yin kuskure idan suka tsara madafi ba tare da sun tsaya sun kalli yadda ake aiki a cikinsa ba.

Tsayin santimita 85 ko 90 ya dace da gas, da yanka albasa, da suya a ƙaramin kasko. Amma tuwon gida mai mutum goma ba a tuƙa shi a wannan tsayi. Idan ka ɗora babbar tukunya a kan dakali irin wannan, bakinta zai kai ƙirjin mace, sai ta ɗaga kafaɗu tana jan muciya ba tare da nauyin jikinta ya taimaka mata ba, tururi kuma yana bugun fuskarta, sannan a zo sauke tukunya mai tafasa daga sama, wanda haɗari ne ƙarara. Murhun tuwo ƙasa yake so, yadda bakin tukunya ba zai wuce gwiwa da yawa ba idan tana tsaye, ko kuma ya zo daidai hannunta idan tana zaune a kujera 'yar tsugunno. Ina ba da shawara ka sa uwargida ta fito da tukunyarta mafi girma da muciyarta, a jera bulo a ƙasa ba tare da kwaɓi ba, ta gwada tuƙi a tsaye da zaune, a ƙara layi ko a rage har ta ce ya yi, sannan magini ya auna. Ramin murhun ma a yi shi daidai gindin tukunyar, ta zauna ciki da 'yar rata kamar kaurin yatsa a kewaye, domin wuta ta bi jikinta maimakon ta watse. Itacen da ake ci yana raguwa sosai ta wannan hanya.

Akwai kuma maganar turmi. Idan aka shimfiɗa tayil ko'ina, ranar farko da aka daka sakwara ko aka surfa gero za ka ji ya fashe. A ware kusurwa ɗaya a bar ta da daɓen kankare mai kauri, ko ma a bar ta ƙasa tsurarta. Ni ba na son tayil mai santsi a wurin da ake zubar da ruwa da mai, daɓen siminti mai ɗan kaushi ya fi aminci ga tsofaffi da yara.

Wajen wanke-wanke kuma kada a manta da shi, a yi shi a gefen da ke buɗe, ƙasa-ƙasa, mai faɗin da tukunyar biki za ta shiga. Famfon da aka bi da bututunsa a saman katanga kuwa, da azahar ruwansa ba ya taɓuwa, gara a binne bututun.

Injiniya daga Sakkwato:

Na yarda da abin da Baba da Hajiya suka faɗa, zan ƙara kan rufi da gas, domin a wajenmu zafin bazara yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma mun ga abin da yake yi wa gini.

Wasu za su ce ka zuba rufin na kankare saboda ƙarko, amma ban goyi baya ba a irin wannan wuri. Kankare yana shan zafi yini guda ya riƙe shi, sai bayan magariba ya fara sako shi a kan mai girki. Kwano yana saurin zafi, amma yana saurin hucewa, kuma matsalarsa tana raguwa ƙwarai idan aka ɗaga shi. A sa ƙasan rufin ya kai mita 3, a karkatar da shi gefe guda, a zaɓi kwano fari ko mai haske, sannan a bar sarari kamar santimita 40 tsakanin ƙarshen bango da rufi a gefen yamma da arewa, a cika shi da bulo mai huji domin zafi da hayaƙi su sami mafita. Gefen gabas a rufe shi ruf saboda feshin ruwa. Kada a sa silin na roba, zai narke ko ya lanƙwashe. Idan da hali a yi ƙarfe a madadin katakon rufi saboda gara, a kuma ɗaure shi da rodin ginshiƙai, domin rufin da gefensa ɗaya ke buɗe shi iska ta fi saurin yayewa a farkon damina.

Game da gas, ina roƙon Malam ya raba shi da murhun itace, kowanne a bangonsa. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta tsiyaya ƙasa take kwanciya, ta bi daɓe har ta tarar da garwashi. Saboda haka ɗakin da za a yi wa tukunyar gas a ƙarƙashin dakali dole ya kasance da huji a can ƙasa mai fita waje, kada a yi masa ƙofa mai toshewa, kada rana ta riƙa dukansa, kuma kada a ajiye shi kusa da bakin rariya. Gawayi shi ma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, wannan na cikin dalilan da suka sa ba a so a zo daga baya a toshe gefen kudun da sunan hana ƙura.

Sai aikin kankare da zafi. Awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa ya isa ga daɓe da saman dakali. A zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Hunturu ya fi bazara yaudara a nan, saboda ana jin sanyi sai a ɗauka ba a buƙatar ruwa, alhali busasshiyar iskar tana zuƙe shi cikin sa'o'i. Daɓen ya ɗara tsakar gida tsayi da santimita 15, ya kuma gangara wajen rariya da santimita 2 a kowace mita.

Baban Walida:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Mun yi gwajin da Hajiya ta faɗa, kuma uwargida ta tsaya a kan layi biyu na jan bulo a ƙarƙashin tukunya, ta ce a zaune za ta riƙa tuƙi. Na amince da buɗe kudu da raba gas da itace. Abin da ya rage mini shi ne bututun hayaƙi. Tunda gefe ɗaya a buɗe yake kuma za a bar huji a sama, shin har yanzu akwai buƙatarsa, ko kuwa ƙarin kashe kuɗi ne kawai? Sannan yaushe za a iya fara hura wuta bayan an gama?

Tsohon Birkila:

Akwai buƙatarsa, Malam, musamman tunda a zaune za a riƙa aiki, domin hujin sama yana fitar da hayaƙin da ya riga ya wuce ta fuskar mai girki ne, shi kuwa bututu daga bayan murhu yake ɗauke shi kafin ya taso. A gina ƙasansa da jan bulo da laka har tsayin mita ɗaya, daga nan a ci gaba da bututun ƙarfe mai faɗin inci 5 ko 6, ya zarce rufi da kamar santimita 60, a yi masa hula saboda ruwan sama, a kuma bar ƙaramar ƙofa a gindinsa ta kwashe baƙin da zai taru. Ka duba inda tagogin maƙwabcinka suke kafin ka zaɓi kusurwar da zai fito.

Wuta kuwa, a bar lakar ta bushe a inuwa kamar mako biyu, sannan a fara da ƙirare na ɗan lokaci a rana ta farko, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana huɗu ko biyar kafin a ɗora babbar tukunya. Za ka ga ƙananan tsagu sun fito, wannan ba komai ba ne, a ajiye ragowar kwaɓin lakar a cikin bokiti a rufe domin cike su.