Dan Allah wai get a Ingilishi ma'anarta nawa ne?

Abdu_Yelwa (Garwa)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina da tambaya ga waɗanda Allah ya hore wa Ingilishi a cikinmu. Ni ɗan terminal ne, wato ajin ƙarshe na sakandare, a nan Garwa a Kamaru, bana zan zauna bak, jarrabawar gama sakandare, in Allah ya kai mu, kuma kun san mu da muka taso a ɓangaren Faransanci Ingilishin namu 'yan awoyi ne kawai a sati. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat, wato get. Tun muna siziyem, ajin farko na sakandare, aka ce mana get ita ce obtenir, samu kenan, na riƙe haka, to amma yanzu duk rubutun da na buɗe sai in tarar da ita a wurin da samu baya shiga ko kaɗan. A takardar da aka bamu mu karanta a gida, sakin layi ɗaya tal amma akwai "she got home late", akwai "it was getting dark", akwai "he got his brother to help him", can ƙarshe kuma "they never got over it". In na sa samu a na farko sai ya zama ta samu gida a makare, alhali matar da gidanta tun farkon labarin. Na duba ƙamus na waya, jeri ne kana ja ƙasa baya ƙarewa. Shin haddace su ake yi duka ko akwai wata dabara?

Na biyu kuma, kawuna yana sayo kayan gyaran mashin daga Mubi, in 'yan kudu da yake ciniki dasu sun kira sai inji suna cewa "I no get am" ko "you get change?", wannan ma zan iya rubuta shi a jarrabawa? Allah ya saka da alheri.

Malam Hamadu (Marwa)

Wa alaikumus salam ɗana Abdu. Ni malamin Ingilishi ne a lise, wato makarantar sakandare, kuma babu shekarar da ba a kawo mini wannan tambaya. Kar ka haddace jerin nan, ko wanda aka haifa a Landan bai haddace shi ba.

Fara duba Hausar da ke bakinka. Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci bashi, yau kasuwa ta ci, wane ya ci amana, wuta ta ci rumfa, an ci shi tara, rigar nan ta ci yadi biyar. Wa ya taɓa zaunar da kai ya baka lissafin ma'anonin ci? Babu. Kunnenka ne yake jiran kalmar da ke tare da ita, ita take gaya maka wane ci ake nufi. To haka get take, idonka ya tsaya a kan abin da ya biyo bayanta.

In sunan wani abu ne ya biyo, nan samu ɗinka yake aiki, sai dai samun iri iri ne. "I got a letter" wasiƙa ce ta zo maka. "I got this phone in Kousseri" saya kayi. In uwa ta ce wa yaro "go and get water" ɗebowa zai yi. "He got malaria" zazzaɓin cizon sauro ne ya kama shi. Duk abu ne da baya wurinka a da, yanzu ya zo wurinka.

In kuma kalmar da ke bayyana hali ce ta biyo, irin su tired, angry, dark, old, better, to ma'anar ita ce sauyawa daga wani hali zuwa wani, kuma nan ne 'ya'yanmu suka fi shan wuya, dalili kuwa mu a Hausa kowanne da kalmarsa guda. Mun ce ya gaji, ya fusata, ya tsufa, ya warke, gari yayi duhu. Su kuma sai sun haɗa biyu, got tired, got angry, got old. Ka lura da bambancin nan sosai don yana fitowa a jarrabawa: "he was angry" yana cikin fushi ne muka same shi, "he got angry" kuwa a gabanmu ya fusata, da lafiya lau yake sai wani abu ya faru. Shi ya sa "it was getting dark" ɗin takardarka duhu ne ya fara shigowa, magariba ta gabato, bai gama rufewa ba. A nan ma zaka sa got married, yayi aure, da got lost, ya ɓata, da got arrested, an kama shi.

In wuri ne ya biyo, isa ake nufi. "We got to Maroua at night" mun iso Marwa da dare. Amma home da here da there basa ɗaukar to, sai dai got home, got there. Matar takardarka gida ta isa a makare, shi kenan.

Wanda ya rage shi ne in 'yar ƙaramar kalma ta manne mata, up, over, on, off, away da sauransu. Waɗannan kam babu dabara, ka ɗauke su sababbin kalmomi ne daban. Get up tashi, get over warkewa daga ciwo ko daga baƙin ciki, get along with zaman lafiya da mutum, get rid of rabuwa da abin da ya dame ka. Ka ware shafi a kaye ɗinka, wato littafin rubutunka, duk wanda ka haɗu da shi ka rubuta shi cikin cikakkiyar jimla da ta shafi rayuwarka, da sunan unguwarku da na ƙannenka, kar ka rubuta shi shi kaɗai da fassara a gefe don bazai zauna ba.

Shawarata a rubutun jarrabawa, inda kake shakka ka sa obtain, receive, arrive, become, understand. Uku na farko ma sun yi kama da Faransancin da ka sani. Batun "I no get am" kuma wannan Pijin ne, Ingilishin kasuwa, kar ya kusanci takardarka.

Alhaji Ɗanladi Kusuri

Slm. Malam ya gama magana Allah ya ƙara basira. Ni dai banyi lakwal, wato makarantar boko, mai nisa ba amma na daɗe ina bin hanyar Fotokol zuwa Gambaru da kaya, to bari in taimaka a na biyun. A Pijin get ɗin nan yawanci ina da ne kawai. I get motor ina da mota, I no get money bani da kuɗi, you get change kana da canji. In mai shago ya ce maka I no get am, kayan ne babu a shagonsa, in kuma ya ce e no dey shi ma babu ne. Kuma ba 'yan Najeriya kaɗai ba, 'yan Bamenda da Kumba da suke aiki a nan arewa haka suke yi, kaje garejinsu kaji.

Abin da zan ce maka yaro kar ka raina shi, wlh da shi muke cin abinci, ranar da ka tsaya gaban mai kayan gyara kana zuba masa Ingilishin littafi kallon baƙo zai maka ya ɗora maka kuɗi. Kayi na malam a aji, in ka fito taimakon kawunka kayi na kasuwa.

Sadiya_Dang (Ngaundare)

Ƙanina Abdu sannu da ƙoƙari. Ina karatu a jami'ar Ngaundare kuma munyi wannan a aji, bari in ƙara kaɗan a kan na Malam. Ita get ba daga Latin ta zo ba irin obtain da receive, daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, 'yan Viking ɗin nan da suka zauna a Ingila, su geta suke cewa. Su obtain da receive da arrive kuma ta hanyar Faransanci suka shiga Ingilishi bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, shi ya sa ka gansu kamar 'yan gida. To tun lokacin abin ya rabu, na Faransancin suka zama na ofis da kotu da littafi, gajerun nan irin get, put, take, go suka zauna a bakin mutane, kuma kalmar da ake juyawa kullum ita take tara ma'anoni.

Kuma ba ita tafi yawa ba ma. A babban ƙamus na Oxford bugun 1989 set ce ke kan gaba da ma'ana 430, da aka sake aikin run a 2011 aka lissafa mata 645, a matsayin aikatau kaɗai. To kaga haddacewa ba hanya bace.

Abu ɗaya da zai iya rikita ka, 'yan Ingila suna cewa get, got, got, 'yan Amurka kuma get, got, gotten. In kaji gotten a fim ba kuskure bane, amma a lakwal na Ingila ake koya mana, ka tsaya a kansa. Sannan "I have got" ba na samu bane a yawancin wurare, ina da ne, "I have got two sisters" ina da 'yan'uwa mata biyu. Wannan shi ne na littafi da yayi daidai da I get ɗin Alhaji. In aka ƙara to kuma ya zama dole, "I have got to go" dole in tafi.

Hajiya Mairo (Injamena)

Malam Hamadu a gafarce ni, duk bayaninka na yarda dashi amma wurin shawarar ƙarshe ina da ja. Ni aikin tafinta nake yi a nan Injamena da wata ƙungiyar agaji, Faransanci da Ingilishi da Larabcin Cadi, kuma yaran da ake kawo mana daga makaranta matsalarsu ɗaya ce, an koya musu gudun get har sun girma basa jinta. Yaro ya iya rubuta rahoto shafi biyar amma a kira shi a waya daga Nairobi a ce masa "did you get my message?" sai yayi shiru, ko ya amsa da "yes I obtained it", wanda babu mai Ingilishin da zai faɗi haka, don obtain abin da ka nema ne ka sha wahala a kansa kamar biza ko takardar shaida, ba saƙon da ya faɗo wayarka kana zaune ba.

Na gani da idona a wani taro, baƙuwa tana bayanin yadda za a cike fom na rabon kaya, ta tsaya ta dubi wani saurayi ta ce "do you get it?", shi kuma ya shiga lalube cikin jakarsa yana neman takarda yana cewa ba a bashi ba, alhali ka gane kawai take tambaya. Ba laifinsa bane, ba a taɓa gaya masa get na nufin ganewa ba. Kullum a wasiƙun aiki zaka ga "I will get back to you" zan waiwaye ka da amsa, "get in touch" a tuntuɓe mu, "I couldn't get through" na kira layi bai shiga ba, "let's get started" mu fara. Waɗannan su ne abincin yau da gobe na ofis, kuma bak wata nawa ne ya rage, aiki kuwa na shekaru ne. Don haka ɗana ka bi Malam a takardar jarrabawa in kana shakka, amma kunnenka da bakinka ka sake su, ka riƙa sauraron rediyo na Ingilishi ko minti 15 ne a rana da biro a hannu, duk get da kaji ka rubuta jimlar gaba ɗaya.

Kuma ka kiyaye guda ɗaya, "I got lost" na ɓata ne, amma ka dubi mutum kace masa "get lost" korar wulaƙanci ce, daidai da ɓace min da gani. Kar ka gwada ta a kan babba.

Abdu_Yelwa (Garwa)

Kai jama'a na gode ƙwarai, Malam, Alhaji, Yaya Sadiya, Hajiya, Allah ya biya ku. Na koma takardar na gwada kuma uku sun fito sarai. Saura "he got his brother to help him" Malam, don sunan mutum ne ya biyo amma samu bai zauna mini ba. Sannan get on da get in duka an ce mana hawa mota ne, wanne ne wanne?

Malam Hamadu (Marwa)

Hajiya maganarki gaskiya ce kuma na karɓa, mu a aji jan biron mai gyara muke tsoro wa yara, ku kuma kuna ganin abin da ke biyo baya. Zan ƙara musu na waya da na ofis a zangon nan insha Allah.

Abdu, wannan da ka tambaya sa ne na Hausa. In get ta ɗauki mutum sannan to da aikatau suka biyo, to ka sa mutumin yayi abu ne, yawanci da lallashi ko roƙo. Ya shawo kan ɗan'uwansa ya taimake shi. In tilas ne make ake sawa kuma ita bata ɗaukar to, "he made his brother help him". Akwai ƙanwarta da zaka gane da sauri saboda Faransanci, "I got my phone repaired", daidai take da j'ai fait réparer mon téléphone, ba kai ka gyara ba, kaiwa kayi aka gyara maka. Ka lura a nan abu ne ya biyo ba mutum ba, kuma aikatau ɗin a siffa ta uku yake, repaired, washed, cut.

Na hawa kuma, babban abin hawa da zaka iya miƙewa tsaye ka taka a ciki, bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, get on ne, sauka get off. Ka hau jirgin dare a Ngaundare you get on the train, da safe a Yawunde you get off. Abin da ake ɗarewa a kai, mashin, keke, doki, jaki, shi ma on da off. Ƙaramar mota da tasi da sai ka sunkuya ka zauna, get in ko get into, fita kuma get out of. Rubuto mini jimla biyar a nan kafin Juma'a, ɗaya da kowane iri, in duba maka.