Yarona na juya haruffa, ku ba ni shawara

Maman 'yan biyu, Kurna: Assalamu alaikum. Namijin cikin 'yan biyuna shekararsa 5, in an ce ya rubuta b sai ya yi d, lamba 3 kuwa kullum a juye take. Jiya har na daka masa tsawa, abin yana ta damuna.

Malamar nazare, Gwale: Wa alaikumus salam. Maman yara, don Allah ki daina tsawar. Rubutu hawa-hawa ne. Ɗan shekara 2 zuwa 3 jagwalgwalo yake a takarda, daga nan ya fara zagaye da sanduna masu kama da harafi, sai ya iya sunansa, sannan ya riƙa rubuta kalma yadda kunnensa ya ji ta. Juya harafi a shekara 5 ko 6 ba ciwo ba ne. In ya wuce 7 bai daina ba, a duba shi, har da idonsa.

Malamin allo, Yakasai: Malama ta yi gaskiya. Mu ma ba ma miƙa wa yaro alƙalami ranar farko, sai ya ci babbaƙu da farfaru tukuna. Ki tuna kuma da safe yana rubutu daga hagu, da yamma a Islamiyya daga dama. Ki sa masa ɗigo a gefen da zai fara.

Maman 'yan biyu: Wallahi Malam ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Hajiya, Hotoro: 'Yata, ajiye fensirin nan na mako biyu. Zuba rairayi a faranti ya yi harafin da yatsa yana faɗar sautinsa. Ki sa shi tsintar wake, ya zura dutsen ado a zare, yatsun su yi ƙwari. Haka na yi wa jikokina.

Malamar nazare: Ƙari a kan na Hajiya, ki koya masa b ita kaɗai har ta zauna, ba, be, bi, bo, bu, kafin d ta shigo. Masu lanƙwasa, ɓ da ɗ, su zo daga baya. Minti 10 a rana ya isa. Ki samo littafi mai jan layi da shuɗi, akwai shi a kasuwar Sabon Gari.

Maman 'yan biyu: Allah ya saka da alheri. Malama, fensir mai kauri zan saya ko na kullum?

Malamar nazare: Mai kauri, kuma gajere.