Neman kalma: wane suna za mu ba masu bin hadari da mota?

1/ Turawa na ce masa "storm chaser": mutumin da ke shiga mota ya bi gagarumin hadari don ya gan shi ido da ido, ya auna iskarsa, ya ɗauki hoto. Abin ya fi ƙarfi a Amurka, a filayen Teksas, Oklahoma, Kansas da Nebraska, daga Afrilu zuwa Yuni.

2/ "Mai korar guguwa" bai yi mini ba ko kaɗan. Wanda ka kora so kake ya bar wurin, su kuwa waɗannan matsowa suke yi. Guguwar ma ta yi kaɗan. Abin da suke bi shi ne hadarin nan da iska ke juyawa a cikinsa, mai tsawa da manyan ƙanƙara, kuma mafi yawan irinsa ba ya sauko da guguwa ƙasa.

3/ Ni dai na tsaya a kan MAFARAUCIN HADARI. Jam'i mafarautan hadari, aikin kuma farautar hadari.

4/ Ku dubi yadda yininsa yake. Tun da sassafe yana kan taswirar yanayi, yana neman inda iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko za ta yi karo da busasshiya. Ya yi tuƙin ɗaruruwan kilomita, ya tsaya gefen hanya yana kallon gajimare na tasowa, ya jira. Sau da yawa ya koma hannu rabbana. David Hoadley ya fara wannan tun 1956 a Dakota ta Arewa, da motarsa da idonsa.

Kuma abin farauta kan juyo kan mai shi. Ranar 31 ga Mayu 2013, guguwar El Reno a Oklahoma, mai faɗin kilomita 4.2, ta canza hanya ba zato, ta hallaka injiniya Tim Samaras da ɗansa Paul da Carl Young a cikin motarsu. "Mai bin hadari" ba zai iya ɗaukar wannan nauyin ba.

5/ A kula da rubutu, don Allah: hadari ne, ba haɗari ba, ko da yake a nan duka biyun suna tafiya tare.

6/ Saura ɗaya. Akwai masu tsayawa a garinsu suna sanar da hukumar yanayi abin da suka gani. Na ce "ɗan sa-idon hadari". Masana harshe, ya zauna a bakinku?